Kaza da Ƙwan Zabo: Jawabin Kwamitin Gudanarwa a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiyarmu



Uwar taro, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, malamanmu, wakilan masu unguwanni, jami'in kula da ƙungiyoyin gama kai, mazajenmu da suka ba mu izini kuma suka tako da kansu, baƙinmu na Gyallesu, Tudun Jukun, Sabon Gari, Samaru da cikin Birni, 'yan uwa membobi: sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Ma'aji ta karanta lissafi, kowa ta ji abin da ya shigo da abin da ya fita, ba sai mun maimaita ba. Maganar da kwamiti ya ɗora mana yau ita ce wadda ba ta cikin littafin ma'aji: in mun ba 'yar uwa rance ta fita daga ɗakin taro, me ke biyo baya?

Bari mu fara da abin da ya same mu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wata 'yar uwarmu, tana zaune a cikinmu yanzu haka. Ta yarda a ba da labarin, amma ba za mu kama suna ba. Ta ƙware wajen haɗa garin kunun yara, irin na gero da waken suya da gyaɗa. Duk wadda ta taɓa ba ɗanta ta san hannunta. Ta nemi rance, muka duba, muka ga ta cancanta, muka ba ta. Ta sari hatsi da kaka, ta soya, ta kai niƙa, ta ƙulla a leda mai kyau, ta ɗauka sai manyan kantuna. Kanti na farko aka tambaye ta lambar NAFDAC, babu. Na biyu aka ce ina takardar da ke nuna ranar da aka yi da ranar lalacewa, babu. Na uku aka ce ta ajiye, in an sayar a kira ta. Har yau ba a kira ba. Kun san halin gyaɗa, ba ta jiran kowa. Kafin wata uku gari ya fara wari. Baiwar Allah nan, don kada a ce ta ci kuɗin ƙungiya, akuyoyinta biyu ta sayar ta biya mu.

Abin da ya fi ci mana rai sai daga baya muka gano shi. Ashe wadda ke zama kusa da ita a taro, ƙanenta ya taɓa bin hanyar rajistar nan tun daga farko har ƙarshe, ya san kowace takarda. Wata kuma 'yarta na koyarwa a makarantar rainon yara, inda iyaye mata ke cigiyar irin wannan gari kullum. Wata maƙwabcinta mai buga takardu ne a nan Tudun Wada. Duk abin da take nema yana kan tabarmar da muke zaune, amma ba wadda ta sani, don ba mu taɓa tambayar juna ba. Kuɗi muka ba ta, muka bar ta ita kaɗai a hanya. Laifin nan namu ne mu kwamiti, mun kuma karɓa.

Wannan ya sa muka shiga tambaya: yaya wasu ke yi? Matambayi ba ya ɓata. Sai muka ci karo da abin da ake kira gidan renon sana'a, wasu su ce cibiyar ƙyanƙyasar kasuwanci.

Asalin sunan ma zai ba ku dariya, don daga kaji ya fito. A wani gari mai suna Batavia a Amurka, wata babbar masana'antar kayan noma ta rufe, mutane da yawa suka rasa aiki. Iyalan wani mutum, Joseph Mancuso, suka sayi ginin. Ya nemi kamfani ɗaya da zai kama wurin gaba ɗaya, ya rasa. Sai a shekarar 1959 ya yanyanka shi ɗaki-ɗaki, ya ba ƙananan masu sana'a haya da sauƙi, yana ba su shawara, yana taya su neman jari. Cikin 'yan hayar farko akwai masu kiwon kaji, daga nan aka fara yi wa wurin laƙabi da gidan ƙyanƙyasa, suna ya bi shi har yau a duniya baki ɗaya.

A nan Nijeriya gwamnati ta buɗe irinsa na farko a Agege ta Legas a 1993, Kano da Aba suka biyo baya. Daga baya matasa suka kafa nasu. A Yaba ta Legas akwai CcHUB, wadda Bosun Tijani, wanda ya zama ministan sadarwa a 2023, ya kafa da abokinsa Femi Longe. A Kaduna, nan kusa da mu, Sanusi Ismaila ya buɗe CoLab a 2016. A Kano akwai Startup Kano, da Aisha Tofa cikin jagororinta, mace 'yar uwarmu. Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna da CIPMEN a Yamai tun 2014. Har ta kai a watan Oktoban 2022 shugaban ƙasa ya sa hannu kan doka ta musamman domin sababbin kamfanonin fasaha.

Wata za ta ce, to Hajiya, waɗannan ai na 'yan kwamfuta ne, ina ruwan mai ƙuli-ƙuli? Ku ɗan saurara. In kin leƙa irin waɗannan gidaje za ki ga tebur, kujera, wutar lantarki da intanet. Amma duk wanda ya zauna a ciki zai gaya miki mafi tsadar abin da ya samu shi ne mutane. Hanyoyi huɗu suke haɗa mai sabuwar sana'a da jama'a, kuma babu ko ɗaya da ta fi ƙarfinmu.

Ta farko, haɗa sabo da sabo. Mutum goma masu fara sana'a a rufi ɗaya, wannan ya san inda ake samun kaya da araha, wancan ya taɓa faɗawa ramin da kake shirin faɗawa. Hira kan shayi kawai tana iya tsare maka asarar wata shida.

Ta biyu, haɗa sabo da gogagge. Ana nemo wanda ya daɗe a harkar, a ce ga ɗanka, ka riƙa duba littafinsa, ka gaya masa gaskiya ko da ɗaci.

Ta uku, haɗa mai kaya da mai saye. Suna ware rana, su gayyato 'yan kasuwa, masu kuɗi da jami'an hukuma, kowane mai sana'a ya tashi ya nuna abinsa cikin 'yan mintuna.

Ta huɗu, wadda ta fi duka nauyi, ita ce aron mutunci. Sabon shiga ba wanda ya san shi. In ya buga ƙofa shi kaɗai, sai a ce ya dawo gobe. In gidan renon ya ce namu ne, mun san shi, sai a buɗe. Misali, Temie Giwa-Tubosun ta kafa LifeBank a Legas a 2016, mai kai jini asibitoci cikin gaggawa, kuma a CcHUB aka rene shi. A shekarar nan Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya ziyarci gidan, ya gana da ita, ya yabi aikinta a bainar jama'a, sunanta ya zagaya duniya. Aikinta mai kyau ne tun kafin ya zo. Amma da tana ɗakinta ita kaɗai, wa zai kai shi wurinta?

Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya fito da wani bayani a 1973 wanda har yau ake koyarwa a jami'o'i. Ya bi diddigin yadda mutane ke samun aiki, sai ya ga galibi labarin aikin ba daga aminai na kusa yake zuwa ba, daga waɗanda ake yi wa sanin shanu yake fitowa. Dalili a fili yake. Aminiyarki, abin da ta sani kin sani, bikin da ta je kin je, kasuwarku ɗaya. Amma matar da kuke haɗuwa sau ɗaya a wata a asibiti ko a mota, ita tana shiga inda ba kya shiga, tana jin abin da ba kya ji. Aikin gidan reno ke nan: ya tara irin waɗannan mutane wuri ɗaya da gangan, maimakon a bar abin sai an yi dace.

'Yan uwa, da muka gama jin wannan duka sai muka dubi juna muka yi murmushi, domin abin nan kakanninmu sun daɗe suna yi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, in sun sauka a zango, wurin wa suke nufa? Wurin maigida. Shi zai ba baƙo masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya nemo mai saye, in ciniki na bashi ne ya tsaya a tsakani da sunansa. Haka aka yi a zangon Kumasi, haka aka yi a Sabo ta Ibadan wajen cinikin shanu da goro. Yaron da ya fara da ɗaukar kaya a gidan maigida, in ya nuna amana, wata rana a ba shi jari a sallame shi ya kafa nasa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, ta fataucin goro ya taso, kuma dukiyarsa a kan wakilai da amintattu da ya baza gari-gari ta tsaya.

Mu mata ma muna da namu gadon. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta iya zuwa kowane ƙauye da ƙafarta ba. Sai ta zaɓi dattijan mata, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su zo su ɗauki karatu su koma su koya wa 'yan taru a garuruwansu. Babu waya, babu mota, amma ilimi ya isa cikin gidaje. Kuma wace ce a nan ba ta san dillaliya ba, wadda ke shiga gida-gida, ta san mai son sayar da zane da mai neman saye? Wace ce ba ta taɓa zubin adashi ba? Ashe kayan aikin duk muna da su, tsari ne ya rage.

Sai mu dubi garin da Allah ya ajiye mu. Wallahi mutanen wasu garuruwa da za su samu rabin abin da ke Zariya, da sun yi rawa. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, harabar Kongo ma da ƙafa muke zuwa, inda ake koyar da shari'a. A Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona, wadda ta fitar da irin gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA da masara SAMMAZ. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi, inda aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Akwai cibiyar fasahar fata a Samaru, ga masu jaka da takalmi. Akwai cibiyar binciken sinadarai a Basawa, ga masu sabulu da man shafawa. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Ga hukumar SMEDAN da aka kafa a 2003 domin ƙananan masana'antu irin namu. Ga kasuwar baje koli ta duniya da ake ci duk shekara a Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikin waɗannan ƙofofi, guda nawa muka taɓa bugawa da sunan ƙungiya? Mace ɗaya in ta je, mai gadi ma zai iya mayar da ita. Ƙungiya mai rajista, da takarda mai hatimi da wakilai uku, dole a ba ta kujera.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawara biyar, waɗanda za a kaɗa ƙuri'a a kansu a babban taro mai zuwa. Mun faɗe su yau ne don kowa ta tafi gida ta yi tunani, ta kuma yi shawara da maigidanta.

Na ɗaya, littafin hanyoyi. Kowace memba za ta zauna da sakatariya ta faɗi abin da ta iya da waɗanda ta sani: mai injin niƙa mai gaskiya, direban da ke zuwa Dawanau ko Kantin Kwari, ɗa ko ƙane da ke aiki a wata hukuma, mai buga takarda, mai ɗinkin buhu. Littafin zai zauna a hannun sakatariya, kuma ba za a ba da lambar kowa ba sai da izininsa.

Na biyu, duk wadda za ta karɓi rancen fara sana'a, za a haɗa ta da uwar ɗaki daga cikinmu, wadda ta daɗe a irin sana'ar ko makamanciyarta. Kafin kuɗi su fita, su biyun za su zo gaban kwamiti su amsa tambaya uku: wa zai saya, a nawa, kuma kin riga kin yi magana da shi? Da mun yi wa 'yar uwarmu mai garin kunu wannan tambaya, da akuyoyinta na nan.

Na uku, ranar nuna kaya, sau ɗaya duk wata uku, a nan harabar. Za mu gayyato masu kantuna na PZ da Sabon Gari, masu gidajen abinci, shugabannin makarantu da masu shirya biki. Kowace mai sana'a minti biyar: ga kayana, ga farashi, ga yawan da zan iya kawowa a mako. Mai jin kunyar magana, uwar ɗakinta ta tsaya kusa da ita.

Na huɗu, sari na haɗin gwiwa. Mu goma masu sayen gyaɗa tiya-tiya, in muka haɗa kuɗi muka sayi buhuna da kaka, mun san bambancin. Haka leda, kwalba, robar zuba kaya da kuɗin mota.

Na biyar, wakilai masu buga ƙofa. Mata uku, da 'yan matanmu biyu da suka yi karatu suka iya waya, aikinsu su riƙa zuwa hukumomi da cibiyoyi, su jiyo yadda ake rajistar suna a CAC, me NAFDAC ke buƙata daga ƙaramar mai sana'a, yaushe ake buɗe shirye-shiryen tallafi irin na gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba waɗanda ta zaɓa horo da jarin dala 5,000. Su dawo su yi mana bayani da Hausa, a taro da kuma zaurenmu na WhatsApp.

To, ga inda gizo ke saƙa. Duk wannan ba zai yi aiki ba in ba mu taɓa wani hali namu ba, kuma yau ranar faɗin gaskiya ce. Muna ɓoye wa juna hanya. A tambayi mace ina kike saro turaren nan, sai ta ce wani ne ke kawo min. Ina kika koyi haɗin nan, sai ta ce a'a, haka nan dai nake jagwalgwalawa. Mun san dalili, kuma ba mu raina shi ba. Wasu sun taɓa nuna hanya, aka bi ta bayansu aka karya farashi, aka janye musu masu saye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa shawarar ta zo da sharaɗi. Wadda aka nuna wa hanya ba za ta je wa mai sayen uwar ɗakinta da irin kayan uwar ɗakin ba, sai da yardarta. Wadda aka aika wurin wani da sunan ƙungiya ta ci amana, ta sani ƙofar da ta rufe ba tata ce ita kaɗai ba, ta rufe wa mata da yawa da ke bayanta. Kwamitin ladabtarwa zai zauna a kanta. Sirrin haɗi kuwa, irin wanda mace ta gada wurin uwarta, ba wanda zai tilasta mata ta faɗa. Hanyar kasuwa muke roƙo a buɗe, ba tukunyar kowa ba.

Gargaɗi na biyu: in jama'a ta yi yawa, ɓata-gari ma na shigowa. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom don a ba ki tallafi, ko ya nemi lambar BVN ɗinki ko lambar sirrin katinki ta waya, ki kashe wayar ki kira sakatariya. Kada kunya ta sa ki yi shiru.

Na uku, kada mu yi wa kanmu alkawarin da ba mu da iko a kai. Ko a manyan gidajen renon da muka ambata, ba kowace sana'a ke rayuwa ba. Tsadar kaya na nan, matsalar wuta na nan. Abin da muke fata shi ne, in sana'a za ta faɗi, kada ta faɗi don rashin wanda za a tambaya, kuma mai ita ta samu hannun da zai tashe ta.

Iyayenmu da ke kiwo sun san wani abu. Zabuwa ba ta cika zama kan ƙwanta ba, sai a kwashe a sa wa kaza. Kaza ta kwanta a kai, nata kwana 21 ne, na zabo sai ya kai mako huɗu, amma ta daure har su fashe. Ta yi yawo da su, ta tona musu ƙasa, in shirwa ta kawo farmaki ta buɗe fiffike. In sun girma su kama gabansu. Haka muke so iyayenmu da yayyenmu na wannan ƙungiya su zame wa masu tasowa. Renon kuma yana da iyaka: shekara ɗaya, in ta kama a ƙara wata shida, sai a yaye mace a gaban taro irin wannan, ita ma a ba ta wata ta riƙe.

'Yar uwarmu mai garin kunu ta ce mu shaida muku ba ta haƙura ba. An riga an haɗa ta da ƙanen da muka ambata, an buga mata takardar liƙawa, kuma makarantar nan ta karɓi kaya sau biyu. Ita ce ta fara sa hannu a littafin hanyoyi. Littafin na kan tebur a bakin ƙofa, sakatariya na zaune a wurin har a tashi. Kafin a ci abinci, muna roƙon kowace ta juya ta gaisa da wadda ba ta saba magana da ita ba, ta tambaye ta sana'arta da abin da ya fi damunta a ciki.

 Inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya sa albarka a neman kowa, ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba, ya zaunar da Zazzau da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidanta lafiya, ya kuma nuna mana na baɗi.